Lambar da Veikko Ya Bari

Ƙarfe uku da kwata a Sodankylä.
Kogin Kitinen ya daskare har ana bi ta kansa,
shayina ya huce tun ɗazu, ban tashi ba.
Kwana biyu ke nan da rana ta yi tari,
yau kakin ya iso mana,
allurar maganaɗisu tana makyarkyata a kan allo
kamar mai zazzaɓin dare.

Baƙin da suka biya kuɗin jirgi sun koma masauki da fushi.
Labule suka zo gani, kore da ja, mai kaɗawa.
Abin da sama ta ba su
wani dishi-dishi ne, ba baki ba gefe,
kamar ruwan da aka dafa ganye aka watsar.
Ɗayansu ya ce gajimare ne.
Ban yi musu ba.
Shekara tara ina bin gajimaren nan.

Can sama, inda iska ta ƙare,
ƙwayoyin lantarki na kai da komo
daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu,
ƙoshiya a hannun masaƙin da ba ya barci.
Ba sa faɗowa, sai wata igiya ta taso,
wadda in ka sa ta a lasifika
ka rantse tsuntsaye ne da asuba.
Ita ke zungurinsu kaɗan-kaɗan
har ƙafar ɗaya ta zame cikin mazurari,
ta gangaro, ta yi karo da iska a kilomita ɗari,
iskar ta yi kore don zafin karon.

Wannan nake koya wa kwamfuta.
Ta nace ɓangaren asuba yayyafi zai samu.
Tauraron ɗan'adam da ya ratsa ɗazu ya ce ninki uku.

A layi na dubu biyu da sha ɗaya akwai wata lamba,
tsawon ran ƙwaya kafin ta zube.
Veikko ne ya sa ta, tun ina firamare,
ya rubuta a gefe: kada a taɓa.
Bai ce don me ba.
Yanzu yana Rovaniemi, ɗaki na bakwai, kusa da taga,
sunayenmu na zame masa ɗaya bayan ɗaya.
Ran Lahadi ya kira ni Aulikki, sunan ƙanwarsa,
na amsa.
Na tambaye shi lambar. Ya daɗe yana duban cokali,
ya ce, "Wa ya ba karen abinci?"
Karen ya mutu tun kafin a gina sabon ofis.

To, na taɓa.
Na rage ta da rabi, na danna,
injinan Kajaani suka ce in ba su minti arba'in.

Na ninka safa, na fita.
Talatin da ɗaya ƙasa da sifiri, gashin hancina ya sandare.
Barewar Oula sun sake tsallako shinge,
suna tonon gansakuka a gindin eriya,
ko kai ba su ɗaga ba.
Hasken na nan, falle-falle,
yana lumshewa yana buɗewa duk daƙiƙa takwas,
na ƙirga har bakina ya ƙi motsi.
Ba tsawa, ba ƙara.
Wuta ake zubowa a kanmu tun magariba,
dusar ƙanƙara ko ɗigo ba ta yi ba.

Da na dawo, lissafin asuba ya matso,
ya kusa dafa kafaɗar abin da tauraro ya auna.
Na tsakar dare kuwa,
wanda yake zaune daram shekara talatin,
ya karkace.
Ashe ƙofar da tsohon yake gadi ke nan.

Ban mayar da lambarsa ba.
Na rubuta ƙarƙashin nasa:
an taɓa, sha huɗu ga Janairu, ba a gama ba.
Na sa sunana, Sirkku, da lambar waya,
don mai zuwa ta san wa za ta tambaya
tun ina iya amsawa.